Fara a Bayan Gonar Baba

Gulma, ta Argungu

Yaya Kulsumi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara?

Fara ta ƙyanƙyashe a bayan gonarmu. Kin san tun zamanin Baba shanun Hodi makiyayi ke kwana a gonar da rani, su bar mana taki. Bana sun yi yawa, sun cinye ciyawar bayan gona ƙarƙaf, wurin ya koma faƙo. Malamin gona ya ce irin ƙasar da fara ke so ta zuba ƙwai ke nan. Ga gero ya fara fidda kai. Maƙwabta sun ce in yi feshi, in kuma sallami Hodi. Feshi zan yi ran Asabar. Hodi kam ba inda za shi.

Ƙanenki,
Tamba

Gwadangaji, Birnin Kebbi

Tamba,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya.

Batun Hodi ka yi daidai. Batun feshi kuwa, ashe har yanzu kanka bai gama nuna ba. Ka manta sana'ata? Farar da matan Gulma ke kamawa ni suke kawo wa, in soya, 'yan makaranta su saya. Ka fesa mata guba, cikin kaskona za ta ƙare. Da sanyin safiya raɓa na hana ta tashi, da hannu ake kwasarta. Na yi magana da Laure, ɗaya daga cikin masu kawo mini farar, za ta tara mata da buhuna. Ka ba su mako guda. Gonar ai ta mu biyu ce, kuma na san abin da nake faɗi.

Yayarka,
Kulsumi

Yaya Kulsumi,

Bayan gaisuwa. Na bi maganarki. Matan sun yi aiki, Hodi ya kai shanunsa fadama, mun shirya a bar faƙon ya huta ciyawa ta dawo. Amma kafin a ci ƙarfinta, fara ta cinye geron gefen gabas tas. Maƙwabta sun fesa, nasu na tsaye, suna ta yi mini dariya. Wallahi raina ya ɓaci.

Tamba

Tamba,

Gefen gabas nawa ne, ka raba damman gero a haka, asarar tawa ce. Jiya an kawo mini fara daga gonakin masu dariyar, na haƙa rami na binne ta, don ta sha guba. Ta gonarmu kuwa da na soya ta ƙare kafin la'asar, kuma kowane yaro ya kwana lafiya.

Ka gaida Hodi.

Kulsumi