A Buɗe Wa Yayana Ƙofa Ko A Sauke Hotonsa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Cibiyar Koyon Sana'a ta Unguwarmu, Kontagora.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ya hidimar jama'a? Allah ya ba da lada.

Sunana Hajara, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Gidanmu ne yake bayan katangar cibiyarku, kuma na san duk ranar da nake suya ƙamshin yana shiga muku har ofis. Sau uku ina zuwa neman ganinka. Zuwan farko aka ce kana taro. Na biyu aka ce ka tafi Minna. Na uku aka ce ka dawo, amma kana taro a kan abin da ya kai ka Minna. Shi ya sa na rubuto wannan a fili, tunda ita takarda ba a ce mata ta je ta dawo gobe.

Maganar yayana ce, Tanimu. Shekarunsa talatin da takwas, ya girme ni da huɗu, kuma furfura ta fara leƙowa a gemunsa. An haife shi da larurar da likitoci ke kira Down syndrome. Mutanen gari kuwa kowa da sunan da yake laƙaba mata, waɗansu ba zan ɓata takardata da su ba. Maganarsa a hankali take fita, kuma sai an nuna masa abu sau uku ko huɗu kafin ya zauna masa a kai. Amma in ya zauna, ya zauna ke nan. Shi ke wankinsa da gugarsa. Shi ke kai min ƙuli tasha wurin direbobin Ibeto da Beri, ba wanda bai san shi ba a cikinsu. Yana kiwon kaji tun mahaifiyarmu tana da rai, kuma kowace kaza da sunanta. Akwai Kansila, wadda ba a ganinta sai lokacin rabon tsaba. Akwai Dillaliya, da ba gidan da ba ta shiga. Zakaran sunansa Agogo, ko da yake agogon nan kullum yana gaba da awa guda.

Ga abin da ya faru tsakaninsa da cibiyarku, dalla-dalla.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar salla mai shela ya zaga unguwa yana cewa an buɗe aji ga duk wani baligi, namiji da mace: haɗa sabulu, ɗinki, da kiwon kaji, duk ranar Asabar, sannan bayan la'asar maza su zauna a sha shayi a yi hira. Yaya yana jin an ambaci kaji ya ajiye tsintsiyar hannunsa. Ranar Juma'a ya goge farin kaftaninsa har sau biyu, ya sayi littafi da biro, ya zuba turaren da sai da na buɗe taga. Da safe muka je rajista. Magatakardanku ya ɗaga kai ya dube shi, sai ya juyo wurina ya tambaye ni sunansa. Yaya ya ce Tanimu. Ya sake tambayata shekarunsa, Yaya ya faɗa. Ya tambaye ni ko yana jin magana, alhali tambaya biyu ke nan mutumin yana amsa masa. Na ce ai ga shi nan, ba a waya yake ba. Daga ƙarshe ya rubuta wani abu a ƙaramar takarda, ya ce a kai shi ɗaki na uku. Na ɗauka can ne ajin kaji, na koma gida kan suyata da farin ciki.

Ashe ɗaki na uku nan ne inda mata masu koyon ɗinki ke ajiye 'ya'yansu.

Na biyu. Ranka ya daɗe, ka san kujerun ɗakin nan, tunda na ji an ce kai ka sayo su. 'Yan robobi ne ja da kore, waɗanda aka yi domin masu shekara huɗu. Yaya mutum ne mai kunya, ba ya musu da baƙo. Aka ce ya zauna, ya zauna. Da azahar na je ɗauko shi, ya miƙe zai gaishe ni, kujerar ta miƙe tare da shi. Sai da ni da mai renon yaran muka riƙe ƙafafunta muna ja, shi kuma ya rungume ƙyauren ƙofa, yara goma sha wani abu suna tafi suna tsalle, sun ɗauka wasan ranar ke nan. Da ta fita, aka ba shi balan-balan da biskit ɗaya, aka ce ya yi ƙoƙari. Littafinsa kuwa wata yarinya ta zana masa mota a shafi shida. Gaskiya ɗaya zan faɗa, yaran sun ƙaru. Har yau iyayensu na ƙorafin cewa duk sun iya kiran kaji, kuma ba sa dainawa.

Washegari na je wurin magatakarda na ce an yi kuskure. Ya ce ba kuskure ba ne, ai irinsu da yara suka fi sakewa. Na ce to shi wa ya tambaya? Ya ce in jira Shugaba.

Na uku. Sati biyu bayan haka, ana gobe bikin buɗe cibiya, sai ga 'yan kwamitinku biyu har ƙofar gida da sallama mai daɗi. Suka ce ana gayyatar Malam Tanimu a matsayin babban baƙo. A ranar ne na fara jin wani daga cibiyarku ya haɗa sunansa da Malam. Murna ta hana shi cin tuwo. Ranar biki aka zaunar da shi a sahun gaba, kusa da manyan baƙi, aka ba shi lemo mai sanyi. Can sai mai gabatarwa ya kira sunansa, ya ce cibiya za ta ba shi tallafi. Muna zaune aka gunguro keken guragu sabo fil, da ledarsa.

Ranka ya daɗe, mutumin nan da ƙafarsa ya zo wurin. Da ƙafarsa ya hau dandamali, a gabanka. Kullum sai ya taka daga gida zuwa tasha ya dawo da bokitin ƙuli a ka. In akwai mai bukatar keke a gidanmu, ni ce, da nake wuni a tsugune gaban kasko. Amma mai hoto ya ce ya ɗan zauna a ciki, minti ɗaya kawai. Ya zauna, ka dafa kafaɗarsa, kuka yi murmushi, aka tafa. Da aka tashi, ya sauka ya turo kekensa zuwa gida, ya ɗoro min buhun gyaɗa a kan keken tunda sai da muka biya ta kasuwa.

Kada ka ce tallafin ya tafi a banza. Dillaliya ta yi kwanci a cikinsa, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki bakwai. Suna fara yawo Yaya ya wanke keken da sabulu, ya tura shi wurin Malam Ɗanjuma mai gyaran takalmi na bakin masallaci, wanda shekara da shekaru da hannu yake jan jiki. Ba wanda ya sa shi. Cewa ya yi, "Shi ne ba shi da ƙafa." Malam Ɗanjuma bai fi taku hamsin daga ƙofarku ba, kuma takalman rabin 'yan kwamitinku shi yake ɗinke su.

Na huɗu, kuma wannan ne ya sa na ɗauki biro. Kun buga hoton nan a ƙaton ƙyalle, kun rataya a saman ƙofar shiga, da rubutu a ƙasa wai cibiya ta kowa da kowa ce. Yaya ya gani ya ce to yanzu an san shi. Asabar ta zagayo ya sa kaftani ya tafi shi kaɗai. Baba Audu maigadi ya duba takardar sunayen manya, ya ce babu Tanimu. Yaya ya ɗaga hannu ya nuna masa hoton da ke saman kansu. Baba Audu ya fito rana, ya kare ido da tafin hannu, ya dubi hoton, ya dubi Yaya, ya sake duban hoton. Sannan ya yanke hukunci cewa na cikin hoton gurgu ne, wannan kuwa a tsaye yake, saboda haka ba shi ba ne, sai dai ko ɗan'uwansa. Mai rake da ke wurin ya rantse masa cewa mutum ɗaya ne. Baba Audu ya ce shi ba ya aiki da rantsuwa, da takarda yake aiki.

Ban ga laifinsa sosai ba. Abin da kuka rataya masa shi ya karanta.

A ranar dai, Yaya bai bar wurin ba, sai zakaran da malamin kiwo yake koyarwa da shi ya tsallake katanga. Mutanen unguwa shaida ne, ɗalibai shida da malaminsu da ma'ajin kwamiti suka biyo shi a guje. Ma'aji ya yar da hula, wani ya faɗa kwata da ƙafa ɗaya. Yaya ya tsuguna, ya ciro guntun ƙuli daga aljihu ya murmushe a ƙasa, ya yi 'yar ƙarar da yake yi wa nasa da harshe. Zakara ya tako da kansa. Ya ɗauke shi, ya shafa masa wuya, ya miƙa wa malamin a bakin ƙofa, tunda shi ba a yarda ya shiga ba. Aka ce masa an gode, aka mayar da sakata. Zakara ya koma aji, yayana ya komo gida.

Na biyar. Na san ana ba da labarin nan a majalisu ana dariya, ni ma na yi, shi ma ya yi. Amma akwai abin da ba a gani daga waje. Tun ranar bai ƙara sa farin kaftanin ba. In Asabar ta yi, sai ya ɗauki tabarma ya koma bayan akurki inda ake jiyo muryar malamin ta katanga, ya zauna da littafinsa a cinya. Tun da Inna ta rasu abokin hirarsa ya ragu. Sa'o'insa duk sun yi iyali, suna gaishe shi da fara'a a hanya, amma ba mai cewa zo ka zauna. Abin da ya fi ja masa rai a shelarku, bayan kaji, shi ne shayin nan na bayan la'asar, a ce yau ga shi cikin maza ana miƙo masa kofi kamar kowa. Rannan ina tuƙa tunkuzar ƙuli ya tsaya a kaina ya ce, "Hajara, ni babba ne ko yaro?" Na ce kai ne babba a gidan nan. Ya ce, "To su ba su sani ba?" Amsar tana wurinku, shi ya sa na miƙo maka tambayar.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A layinmu akwai Larai, mai irin larurarsa, ta kusa talatin, tana saƙa hula da kyau. Mahaifiyarta, wata baiwar Allah 'yar Kumbashi, ta ce min tana jira ta ga yadda za a yi da Tanimu kafin ta fito da ita. Ta gani. Larai tana ɗaka har yanzu.

Saboda haka ga roƙona, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A sa sunan Tanimu a ajin kiwon kaji na manya, a kan benci irin na kowa. Gemu ba ya hana neman ilimi, balle a ce gemun ne ma aka ƙi gani. Malamin ya riƙa maimaita bayani yana nunawa da hannu, na tabbata ko ɗaliban da suka bi zakara a guje za su amfana.

A gaya wa magatakarda, in mutum yana tsaye a gabansa da bakinsa, shi ake tambaya. In amsar ta yi jinkiri a jira ta, ba mota ba ce da za ta tashi ta bar shi.

Kafin a sake sayen tallafi, a taka a tambayi masu shi abin da suke so. Tambaya ba ta cin mai.

A aika mace daga cikin kwamiti ta je ta gaishe da mahaifiyar Larai, ta gayyace su ajin mata da bakinta.

Hoton nan kuma, ko a buɗe wa mai shi ƙofa, ko a sauke a ba ni. Ƙyallen yana da kauri, zai yi min shanyar gyaɗa.

Ranka ya daɗe, ban ce kuna da mugun nufi ba. Cibiyar nan alheri ce, matan unguwa da yawa sun samu abin yi ta dalilinta. Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci zuri'arka, ya rage maka yawan taro, ya sa ka gama da mutanen unguwar nan lafiya.

Kafin in rufe, na karanta wa Yaya wasiƙar nan daga farko har ƙarshe, don ba na so in yi abin da nake ƙorafi a kai. Ya saurara, ya ce a gyara abu biyu. Na farko, in gaya maka ba ya fushi da kowa, kuma yana gaishe da mutanen gidanka. Na biyu, ya ce ba daidai ba ne sunana ya zo shi kaɗai a ƙasa, tunda maganarsa ce, kuma nasa ne zai fara zuwa. Ya karɓi biron, ya ɗauki kusan minti biyar yana rubutawa, bai yarda na kama masa hannu ba. A takardar da za a kawo ofishinka, rubutun da ka ga ya ɗan hau tudu ya gangaro, nasa ne. Ya ce in gaya maka ranar Asabar da ƙarfe goma yana tafe.

Wassalam.

Tanimu,
da ƙanwarsa Hajara mai ƙuli-ƙuli,
Kontagora.