Hannun Gaetano Mai Burodi

Yaya Ilinca,

Ina gaisuwa. Yaya gwiwar Baba? An gama tsinke inabi?

Lafiyata lau, barci ne kawai ya ƙi ni. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a garin da nake aikin jinya a nan Italiya, 'yan kwana-kwana suka nemi ma'aikatan jinya 'yan sa-kai, na je. Muka iske bango ya danne hannun Gaetano mai burodi. Ni na ɗaure masa damtse don jini ya tsaya. Ya rayu, amma an yanke hannun.

Matarsa ta kai ni ƙara, wai ɗaurin da na yi ne ya sa aka yanke hannun. Alƙali ya ce doka ta kare duk ɗan sa-kai da ya taya hukuma ceto, ya kori ƙarar. Kada Mama ta ji.

Sai dai gidan burodi ɗaya ne tak a garin, Yaya. Matar ko kallona ba ta yi. Jiya Gaetano ya yi ta fama da takardar naɗe burodi, can ya ce, "Zo ki riƙe min, 'yata. Ai hannu guda kika bar min."

Na riƙe. Har yanzu ban san ko wasa yake ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Viorica