A Kan Ƙadangarun Firjina da Kular Rabi da Ta Dawo Cike

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna Virginia da Maryland,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Na zaɓi in rubuto a fili, a zauren ƙungiya inda kowa zai karanta, domin a fili aka taɓa sunana. Sau uku na kira wayarka na bar saƙo, har yau shiru.

Na farko, bari in faɗi abin da nake yi da bakina, tunda kowa ya riga ya faɗa a madadina. Ni ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibiti, kuma shekara takwas ke nan ina kiwon ƙadangarun rairayi a ɗakin ƙasa na gidana a Woodbridge. Ba jan gwadan da muka saba gani a katangar gida ba ne. Ƙanana ne, asalinsu Turai, tsawonsu bai wuce ɗani ɗaya ba, namijin kuma yakan yi kore shar a gefen ciki idan sanyi ya wuce. Gyare da tsutsa suke ci. Wani tantabara yake kiwo, wani kifi cikin gilashi, ni kuwa wannan ne Allah ya ɗora mini sha'awarsa.

Waɗannan halittu ba sa ƙwai sai sun yi barcin sanyi. Don haka duk Nuwamba nakan daina ba su abinci na mako biyu har cikinsu ya zazzage, in zuba rairayi mai danshi da gansakuka a robobi masu huji, in kwantar da su, in jera robobin a ƙaramin firjin da ke gareji. Wata huɗu suke yi a haka. Duk Lahadi nakan buɗe in duba ma'aunin sanyi, in yayyafa ruwa. Wanda bai sani ba, in ya gan su a sandare zai rantse matattu ne.

Na biyu, abin da ya faru. Taron watan Janairu a gidana ya faɗo. Ranar ni kwamitinka ya aika Upper Marlboro in ɗauko masar da za a ci a taron, cunkoson titin 95 ya riƙe ni sama da awa biyu a hanyar dawowa. Maiɗakina Rabi tana sama tana fama da tukwane. Hajiyar da ke kula da abinci, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta nemi inda za ta sa gorunan zoɓo da kunun aya, ta buɗe firjin gareji. A jikin kowace roba na rubuta da Hausa da Turanci cewa kada a buɗe. Ta buɗe, ta gani, ta yi salati, ta kwashe robobi shida ta zuba a kwandon sharar da ke waje, cikin sanyin da ruwa ke daskarewa. Babu wanda ya ce mini uffan. Na dai lura tuwo ya yi kwantai a ranar, na ɗauka masa ce ta cika wa mutane ciki.

Sai washegari da safe na buɗe firji na tarar da zoɓo. Na tono robobin daga shara, ƙadangarun ciki duka shidan sun ƙandare kamar itace, sun mutu. Cikinsu har da macen da na fara kiwo da ita, wadda duk sauran 'ya'yanta ne da jikokinta. Uku suka tsira, saboda suna aljihun ƙasa na firjin. Ban ji kunyar faɗa ba, na zauna a bakin gareji na yi hawaye.

Laifina a nan ɗaya ne, ban sa wa firjin kwaɗo ba. Na karɓa. Ita ma Hajiya na yafe mata, tsoro ne ya kama ta, kuma da mahaifiyata ce ta buɗe firjin nan, da abin da za ta yi ke nan.

Na uku, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. A taron Fabrairu, ina wurin aiki, ka tashi a gaban jama'a ka ce an ga abin da bai dace da gidan Musulmi ba a firjin wani ɗan ƙungiya, an cire gidansa daga jerin masu karɓar taro sai an gama bincike. Ba ka kira suna ba, amma mutum nawa ne suka karɓi taron Janairu? Wata huɗu ke nan, ban ga mai binciken ba, ko ƙofata bai ƙwanƙwasa ba. Kafin mako ya zagayo, ƙadangaru shida sun zama goma sha biyu, an ɗaura musu layu, har an ce da su na samu takardar zama. Alhaji, da ƙadangare na ba da takarda, ai da layin gidana ya kai Annandale.

Ni ina iya dariya. Rabi ba ta iya ba. A sunan da aka yi a Annandale cikin Afrilu, ta tashi tun asuba ta yi dambun shinkafa cike da babbar kula, irin wanda a da ake rububinsa. An karɓa, an gode, an ajiye a bayan ƙofa. Yadda ta kai shi haka ta dawo da shi, ko cokali ba a sa ba. Matar da shekara goma sha ɗaya babu suna ko rasuwa da ba ta ɗora tukunya ba. Tun ranar ba ta ƙara zuwa taro ba, kuma ko ƙadangaren nan ba ta taɓa taɓawa ba a rayuwarta, ƙyamarsu ma take yi.

Ga buƙatuna. Ka zo gidana da wanda ka ga dama, har da liman, ku sauka ɗakin ƙasa ku gani. Ɗaya daga cikin ukun da suka tsira ta yi ƙwai tara, suna cikin rairayi, ina sa ran ƙyanƙyasarsu kafin ƙarshen Yuli. Sannan ka janye maganarka a inda ka yi ta, a tsaye, da muryar da ka yi ta, ka maido da gidana cikin jeri.

Ta ƙarshe ita ce wadda ba zan sassauta ba. Ban nemi a biya ni ƙadangare ko ɗaya ba. A taro mai zuwa zan lallashi Rabi ta sake yin dambun nan a kular nan. Ina so kai, Shugaba, ka zama na farko da zai buɗe ta, ka zuba a faranti, ka ci a gaban kowa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka a shugabancin nan, ya tsare iyalinka daga irin kallon da aka yi wa matata.

Wassalam.

Naka,
Sabi'u Ɗanladi,
Woodbridge, Virginia.