Girkin Mai Gyaran Firji

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya jikin Baba? Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta ɗan saki har yana dogara sanda ya fita ƙofar gida. Allah ya ƙara masa sauƙi, ke kuma ya biya ki, domin mu dai ba mu da abin biyan ki. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Matata, wadda kike kira Tela, ga ta nan kwance a gefena tana leƙen abin da nake rubutawa, ta ce in sa gaisuwarta a sama kafin surutu ya ɗauke ni.

Na zaɓi in rubuto ne saboda in na kira ki a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Shekaranjiya kin ce kin gama shawara, za ki ɗauki hutu a makarantar da kike koyarwa, ki bar Baba a hannun maƙwabta, ki yi tafiyar kwana biyu a mota ki zo ki riƙe mana girki har Tela ta sauka. Da na ce kada ki zo, sai kika ce kin san halina, ko yunwa za ta kashe ni ba zan faɗa ba. To yau zan faɗa miki komai, mai daɗi da marar daɗi, in kin karanta sai ki yanke hukunci.

Kin san abin da ya same mu har sau biyu, ba sai na tayar miki da shi ba. Wannan karon, da cikin ya cika wata huɗu, likita ya ce Tela ta kwanta, kada ta tashi sai don lalura, har zuwa haihuwa. Ranar muka lulluɓe keken ɗinkinta da zane. Yaya, ina jin kunyar faɗa, amma sai da keken nan ya yi shiru na gane cewa rabin abin da muke ci daga ƙarƙashin allurarsa yake fitowa. Ni abin da nake samu a shagon gyaran firji in an cire haya da magani, ɗan abin da ya rage ba ya da auki. Da farko na ɗauka abin mai sauƙi ne, na riƙa sayo mana abinci a waje, cikin kwana goma na cinye cefanen wata. Sai na shiga kicin da kaina. Shinkafar farko sama tsaki ƙasa gawayi. Taliya kuwa ta haɗe ta zama kamar gam ɗin da muke liƙe bututu da shi. Wake na zuba shi a tukunya yadda ya fito daga kasuwa, ya sha mini gas har na ji tausayin kaina, kuma bai nuna ba. Duk wannan Tela ci take yi, ta ce da daɗi, ni kuma don wauta na yarda.

Ranar da ban gaya miki ba ita ce wata Laraba. Na manta wani ƙarfe a gida, na dawo da hantsi in ɗauka, sai na tarar da ita tsaye a kicin, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan yana juya miya. Ashe kwana huɗu ke nan in na fita sai ta tashi ta gyara abin da na ɓata. Na yi faɗa irin wanda ban taɓa yi mata ba. Ta ce ba za ta iya kwanciya tana jin ƙaurin abincin da ba mu da kuɗin sake sayensa ba, kuma in dubi wuyan rigata in ga yadda na rame. Kafin la'asar ciwon mara ya taso, ga jini. Ban san yadda muka isa asibiti ba. Kwana uku muka yi a can. Allah ya rufa asiri, likita ya ce zuciyar yaron tana bugawa, amma jinin uwar ya yi ƙasa ƙwarai, kuma in ta sake irin wannan tsayuwa ba ya ɗaukar mana alkawarin komai.

Da za a sallame mu aka miƙo mini wata takarda mai ɗauke da abincin da ya kamata ta ci: nama kullum, kifi, madara, kayan marmari iri-iri. Na karanta na ga ta fi ƙarfin aljihuna. Akwai wata nas dattijuwa mai rataye tabarau a wuya, na bi ta har bakin ɗakin magani, na ajiye kunya gefe na ce mata ni mai gyaran firji ne, ta dube ni da kyau ta gaya mini me mutum irina zai iya saya a cikin wannan takarda. Ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta ce shekara ashirin tana raba takardar nan, maza karɓa suke yi su ninke su sa aljihu, ba ta cika samun mai tambaya ba. Sai ta juya bayan takardar ta rubuta da hannunta: wake, ganye, ƙwai ɗaya kullum, kifin gwangwani in an samu, lemon zaƙi bayan abinci, ga kuma ƙwayoyin ƙarin jini kada a tsallake ko ɗaya. Ta ce in daina ba ta shayi a kan abinci, yana hana jiki amfana da abin da aka ci. Ta ƙara da cewa tsada ba ita ke gina jini ba, naci ne, a ci yau a ci gobe. A wurin na ƙudurta a raina cewa matar nan ba za ta sake tsayawa gaban wuta ba sai da jariri a bayanta.

Da muka koma gida na jawo katifa daga ɗaki na shimfiɗa a falo, daidai inda za ta hango ƙofar kicin. Daga nan take ba da umarni. Ba ta ganin cikin tukunya, amma da kunne take girki. In na jefa albasa ta ce man bai yi zafi ba, ba ta ji ƙararsa ba. In na ɗaga murfi ta ce wa ya aike ni. In na ɗebo gishiri ta ce in mayar da rabi, alhali bayana kawai take gani. Na ce mata da can tela na aura, yanzu na wayi gari da sajan. Sannan na yi wani abu da ya sa ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba: kullum in zan fita aiki sai in kwance kan tukunyar gas in jefa a jakar kayan aikina. Abincinta yana cikin kula a gefen katifa, ruwan zafi yana cikin filas, matar maƙwabcinmu tana leƙo ta, ba ta da dalilin kunna wuta, kuma ko ta so babu hali. Ta ce na mayar da ita fursuna. Na ce na yarda, ta kai ni ƙara bayan suna. Abokan aikina da suka ga kan gas a jakata sun yi dariya har da riƙe ciki, wai sun ga masu tafiya da makullin mota, ba su taɓa ganin mai tafiya da makullin murhu ba.

Bari in gaya miki abin da ƙaninki ya iya yanzu, don ki san ba cika baki nake ba. Wake nakan jiƙa shi tun safe kafin in fita, in na dawo in zubar da ruwan in sa sabo, sai ya nuna da rabin wutar da yake ci da. Tukunya guda nake dafawa babba in raba uku. Yau da shinkafa, gobe in murƙushe shi da soyayyar albasa da tumatir mu ci da burodi, jibi in ƙara ruwa in yanka dankali da alayyafo ya zama miya mai kauri. Kasuwa kuwa sai dab da tashi nake zuwa, lokacin da masu kayan miya suka gwammace su sallamar da tumatirin da ya yi laushi da su kwashe shi gida. In na kawo sai in wanke, in yanke inda ya ɓaci, in dafa shi ya ƙafe, in zuba a ƙananan robobi in sa a firji. Firjin ma wani ne ya yar da shi a shago, na canza masa inji, ga shi nan yana gurnani kamar tsohon janareto amma yana ƙanƙara. Gwangwanin kifi ɗaya in ya shiga cikin kabeji da karas, mutum biyu za su ci sau biyu. Shinkafa kuma da ta tafasa ruwan ya ja, sai in kashe wuta in naɗe tukunyar da tsohon bargo, ta ƙarasa da kanta. Wannan dabarar Tela ce, kuma tun da na fara ba ta sake kamawa ba.

Maganar nama Allah ne ya kawo. Akwai wani mahauci a bakin layinmu, firizarsa ta mutu da tsakar rana cike da nama, ya zo shago a guje yana haɗa gumi. Maigidana mai shagon yana kan wani aiki, ya ce in je, abin da na samu nawa ne. Waya ce ta ƙone, cikin awa guda na tayar da ita. Da ya tambayi kuɗin aiki na ce ba kuɗi nake so ba, ya riƙa ajiye mini ƙashi da ɗan guntattakin da ke saura a kan katako duk ƙarshen mako, ni kuma in riƙa duba masa firizar. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin makanikin da ake biya da ƙashi ba. Da ya ji dalili sai ya amince. Tun daga ranar, in na kwance ledar a gida nakan tarar da tsoka sosai a ƙarƙashin ƙasusuwan. Ban taɓa yi masa maganar ba, shi ma bai taɓa yi ba. Romon ƙashin nan shi nake zubawa a kusan komai.

Ba zan ce miki babu wuya ba. Akwai ranakun da in na zuba mata, ni burodi nake tsomawa a abin da ya rage a tukunya, kuma yatsuna biyu suna ɗauke da tabon murfi. Wata rana na ajiye mata kwano, ta buɗe ta ga wake ne kuma, sai kawai ta fashe da kuka. Ta ce ba raini ba ne, ta san wahalar da nake sha, amma ko a mafarki wake take gani. Na zauna a gefen katifar, ni ma waken ya ishe ni. Washegari na soya mata dankali da ƙwai da ɗan attaruhu, muka yi yarjejeniya cewa kwana biyu a mako wake zai tafi hutu. Ta ce in ma zai yiwu a yi masa ritaya.

To ranar Talatar nan muka koma awo. Nas ɗin nan ta karɓi sakamakon jini, ta sa tabarau ta duba, ta cire ta sake sawa, sannan ta tambayi wa ke girki a gidan. Tela ta nuna ni da baki. Jinin ya hau, Yaya, ya kai inda suke so, kuma likita ya ce girman yaron daidai yake da watanninsa. Matar nan ba ta bar ni na tafi haka ba, sai da ta tsayar da ni gaban matan da ke layi ta ce in koya musu dabarar bargo. Ni da ko a ɗaurin aure ba na iya magana, ga ni ina yi wa mata talatin bayanin shinkafa, Tela tana rufe fuska da mayafi don dariya. Saura mako bakwai. Na riƙe wata uku, da yardar Allah zan riƙe waɗannan ma, ko da kullum sai na ƙone yatsa.

Saboda haka ina roƙon ki, ki zauna. Babu wanda ya san lokutan maganin Baba da yadda ake lallashinsa ya ci abinci sai ke, kuma in kin taho hankalinki zai rabu biyu, nawa ma haka. Ki adana hutun naki sai ta sauka, lokacin ne za mu fi bukatar ki, don wankan jariri dai ban ce zan iya ba. Abu ɗaya nake so ki yi mini yanzu. Na san kin ɓoye wa Baba cikin nan kamar yadda na roƙe ki, saboda yadda na biyun ya karya masa zuciya. Mun yi shawara da Tela a hanyar dawowa daga asibiti. Ki zaunar da shi bayan ya ci abinci, ki gaya masa. Ki ce ya fara tunanin suna, kuma ya dage da tafiyar nan da sanda, domin muna so ranar da muka kawo masa jikan ya tarbe mu a ƙofar gida da ƙafarsa.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki yi masa godiyar haƙurin da yake yi da mu. Ki gaishe da Gwaggo, da 'yan biyu, da Auta mai rigima. Tela tana gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, tana neman addu'arku. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Ƙaninki, mai gyaran firji