Jajen Shanun Kawu Bello

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya zaman Ikko? Da fatan Rabi da yara suna lafiya. Mu nan Tambuwal sai godiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Labarin Kawu Bello nika son ba ka. Ka tuna bara da aka nuna hoton ɗan takarar 'yan adawa zaune tabarma guda da mutanen dajin nan masu karɓar zakka da bindiga, waɗanda suka kashe mijina Habu a hanyar Fakku? Kawu ya ƙi cin naman sunan jikan mutumin, wai nama ne mai jini. Har da hawaye a bainar jama'a.

To, watan jiya sai ga ɗan takarar jam'iyyar Kawu, hannu cikin akushi guda da mutanen dajin. Na yi wa Kawu magana, ya ce, "Ke mi kika sani? Wanga sulhu ne. Habu kuwa kwanansa ne ya ƙare."

Ranar Talata suka faɗa garkensa na Kebbe, suka kore shanun kaf, wai zakka ce. Na yafa gyale na tafi jaje. Tsakar gida cike da mutane, na durƙusa na ce, "Kawu, Allah ya karɓi zakka. Su ma shanun kwanansu ne ya ƙare."

Ka gai da Rabi, ku sa mu a addu'a. Inna ta matsa sai na koma na roƙe shi gafara. Zan je, ranar da Habu ya dawo ya raka ni.

Ƙanwarka,
Hauwa