Fuskar Jini da Fuskar Fitsari

Kampala

Zuwa ga maigidana, Baban Namakula,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa ƙauye wajen mahaifiyarka lafiya. Yaya ƙafar Mama? Yaya 'yata?

Na dawo daga aiki na tarar ka tafi da yarinya, ka bar kwalbar maganinta a kan tebur. Na san ba mantuwa ba ce. Mama ta ce ni na kwaso wa jikarta ciwo a ɗakin bincike, wai matar da ke kiwon ƙoda a faranti ba za ta haifi lafiyayye ba, kai kuma ka sunkuyar da kai.

Bari in sake maimaita maka, ko da ba za ka ji ba. Kowace ƙwayar halitta ta ƙoda fuska biyu gare ta, ɗaya tana kallon jini, ɗaya tana kallon fitsari, kuma kowane furotin da fuskar da ake tura shi. A jikin Namakula guda ɗaya ne ya ɓata hanya. Maimakon ya zauna wajen jini, sai ya koma wajen fitsari. Shi ya sa tsami ke taruwa yana cin ƙashinta. Wankan ganye ba zai juyo da shi ba. Ga maganin nan na ba direban motar da ke zuwa wajenku a Masaka, don Allah a ba ta.

Matarka,
Nalweyiso

Kampala

Baban Namakula,

Ina gaisuwa. Yaya mutanen gida?

Direba ya dawo mini da kwalbar ko buɗe ta ba a yi ba, tare da kan ayabar dafuwa, wai tsarabar Mama. Ya ce ya ga yarinyar zaune a tabarma, ta daina bin sauran yara. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kai ya ɓaci.

Abokan aikina sun gwada jinina, babu wannan lahani a jikina. Ka tuna tsakuwar ƙoda da ta wahalar da mahaifinka har ya rasu, ka tuna taka ta bara. Wannan lahanin ne ke kawo irin tsakuwar. Kullum Mama cewa take ɗa na dangin ubansa ne, uwa baƙuwa ce. Gaskiyarta. Kun ba Namakula sunan danginku, kun haɗa mata da wannan. Ban ga laifinka a gadon ba, babu mai zaɓen abin da zai ba ɗansa. Kwalbar ce ba zan yafe ba.

Ina nan tafe ranar Asabar. Zan durƙusa in gaida Mama kamar yadda aka saba, amma da 'yata a hannu zan miƙe.

Ka huta lafiya.

Nalweyiso