Abin da Na Gani a Cikin Akwatin Wutar Ubale

Fatakwal,
Watan Sha'aban, 1997.

Zuwa ga Yaya Mainasara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka da iyali lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta, ya ba mu haƙurin rashin ƙaninmu Ubale, ya haskaka kabarinsa. Ni dai ina nan, jiki lafiya, zuciya kuwa sai a hankali. Har yanzu ban daina jin ciwon yadda sai bayan sadakar uku labarin ya iso mini ba, kuma daga bakin wani mai sayar da albasa ɗan Kiru, wanda ya yi mini ta'aziyya yana zaton na sani. Ba don wannan na ɗauki biro ba, amma gara ka san bai wuce mini ba.

Ɗanmaraya direba ya kawo mini saƙonka ranar da ya sauke shanu: akwatin wutar kwamfutar Ubale da wayarta, naɗe cikin tsohon buhu. Ya kuma gaya mini abin da ba ka rubuta ba. Ya ce tun ranar rasuwar Inna ba ta amsa gaisuwar Saude matar Ubale, wai ita ta kashe mijinta da ta ja janareta ba ta faɗa masa ba, yana riƙe da na'urar. Ya ce an gama shawara da zarar ta fita takaba za a mayar da ita gidan iyayenta a Doguwa, a riƙe 'ya'yanta Idi da Kyauta a gidanmu na Ba'awa. Yaya, Kyauta ko yaye ba a yi mata ba.

Ka san ni da Saude ba mu taɓa shiri ba. Ita ce ta ce a gaban mata wai na zama ɗan kudu, na manta hanyar gida, kuma ban manta da maganar ba. Saboda haka ba son kai zai sa in faɗi abin da zan faɗa ba. Gyaran kayan lantarki aikina ne, da shi nake ci shekara da shekaru.

Akwatin nan shi ke karɓar wuta daga bango ya rage ta ya raba wa sauran kayan cikin kwamfuta. A cikinsa akwai wani ɗan kwalba da muke kira fis, aikinsa ya ƙone idan wuta ta yi yawa, don komai ya tsaya kafin a yi ɓarna. Da na kwance murfin, babu fis. An naɗa wayar tagulla a gurbinsa. Da alama wutar shagonsa na Tudun Wada ta riƙa hawa da sauka tana ƙona masa fis, ga masu son a buga musu takardu sun yi layi, ga Kano da nisa, sai ya yi dabarar da muke yi wa rediyo. Waya kuwa ba ta ƙonewa, sai dai ta bar zafi ya wuce. Zafin ya narkar da robar wata waya a ciki har tsiraicinta ya kwanta a jikin ƙarfen akwatin. Daga nan duk bayan kwamfutar ya zama wuta.

Ko a haka da ya tsira, don fulogin yana da ƙafa uku, ta ukun ita ke kwashe irin wannan wuta ta kai ƙasa. Na duba, an karye ta da filaya don ya shiga soket mai baki biyu. Ban ce wani ya yi ba, Yaya. Na san naɗin hannun Ubale, daga hagu yake murɗa waya, ya lanƙwasa bakinta ciki, kamar yadda yake ɗaure tarkon kurciya muna yara. Da na gan shi sai da na ajiye aikin na fita waje.

Kai da kanka ka rubuta cewa an tarar da kwamfutar a rufe, ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba, kuma ya shigo ne daga alwalar la'asar, ba takalmi, hannunsa da danshi, ya miƙa hannu bayanta zai gyara waya. To kwamfuta mai lafiya ko da jiƙaƙƙen hannu ka dafa bayanta ba ta kisa. Da Saude ta yi shela kafin ta ja janareta, da ya amsa mata ya kuma taɓa. Da ba a ja ba ma, ranar da wutar gwamnati ta dawo abin da zai faru ke nan, ko da shi, ko da Idi da ke wasa a ƙarƙashin teburin. Kwanansa ne ya ƙare, sanadin kuma yana cikin akwatin tun kafin ranar.

Ina jin haushinsa, Allah ya yafe mini. Yana da wa mai wannan sana'a, bai aiko ya tambaya ba, don kada in ce ya kasa. Fis ɗin nan cike suke da gwangwani a kan teburina. Na sa sabo, na canja wayar da ta narke, na haɗa wuta, fankarsa ta tashi lafiya lau kamar ba ta taɓa yin komai ba. Na zauna ina kallonta tana juyawa, yaran shago suna yi mini barka da gyara.

Abin da nake roƙo, ka karanta wa Inna wannan takarda da bakinka, kada ka tsallake inda na ambaci laifin ɗanta. Na san zai fi mata sauƙi ta ɗora wa baƙuwa, ni ma da zan iya da na ɗora. Amma ba zan yi shiru a raba uwa da 'ya'yanta a kan abin da na gani da idona ba ita ta yi ba. In Inna ta yi fushi, ta yi da ni, na saba da nisa. Sauran kwamfutar kuma kada kowa ya haɗa ta da wuta sai na zo, in Allah ya kai mu ƙaramar salla.

Ka gaishe da Inna, ka ce ina neman gafararta. Ka gaishe da Baba Adamu, da Yaya Baturiya, da mai ɗakinka Luba da yara. Ka kuma gaishe mini da Saude, ka yi mata ta'aziyyar da har yau babu wanda ya yi mata a gidanmu. In ka zo wannan layin, ka ɗaga murya yadda za ta ji daga ɗakinta.

Ni ne ƙaninka,
Labaran.